Kwalekwale da Inji: A Fara Tambayar Ruwan Tukuna



Yau maganar jirgin kamun kifi da injinsa za mu yi. Na san wani da ke zaune a Unguwar Gano ko Gyaɗi-Gyaɗi zai ce ina ruwan Bakano da jirgi, garin da babu teku, babu Neja, babu Binuwai. To amma jihar Kano tana da madatsun ruwa fiye da yadda ɗan birni yake zato. Akwai Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, shimfiɗar ruwa ce mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 178. Akwai Challawa a Ƙaraye, wadda aka gama a 1992. Ga Watari a Bagwai, ga Tomas ta wajen Ɗambatta, ga Bagauda, ga Wasai a Minjibir. Ɗanyar karfasa da ragon ruwa da ƙurungun da uwargida take tayawa a kasuwar Tarauni, da yawansu daga waɗannan ruwaye aka tsamo su kafin gari ya waye, kuma wani bawan Allah ne ya shiga kwalekwale ya je ya ɗago su.

Dalilin kawo wannan zance gidajenmu na birni shi ne jari. Wanda ya ajiye aiki ya karɓi giratuti, da ɗan kasuwar da ya ɗan tara abin hannu, da Hajiyar da ta ɗauki adashi, an saba su sayi Adaidaita Sahu su ba wani yaro yana kawo balas. Wanda kuwa yake da ɗan'uwa masunci a Rurum ko a Ƙaraye, sai tunaninsa ya karkata ga ruwa: bari in saya masa jirgi da inji, ya yi su, mu raba abin da Allah ya kawo. Niyya ce mai kyau, har da sada zumunci a cikinta. Sai dai tambayar da mai kuɗin yake fara yi ita ce, inji mai ƙarfin doki nawa zan saya? Ni a ganina wannan ita ce tambayar ƙarshe. Ruwan ake fara tambaya, ruwan ya faɗi irin jirgin da zai karɓa, sannan jirgin ya faɗi injin da zai iya ɗauka.

Ruwan madatsa ba ya zama wuri ɗaya. Tiga tana cika maƙil a ƙarshen damina, wajen Satumba zuwa Oktoba, daga nan a yi ta sakin ruwan ana ba masu noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, wani kuma ya gangaro ana tacewa birni yana sha. Kafin ruwan sama ya sake sauka, bakin ruwan ya ja baya da nisa. Inda ka wuce da jirgi hankali kwance a watan Nuwamba, in ka komo a watan Afrilu ruwan iya gwiwa ne, wani wurin ma taɓo ne zalla. A ƙarƙashin wannan ruwa kuma akwai tsohuwar ƙasa: duwatsu, da kututturan itatuwan da ruwa ya haɗiye tun ranar da aka datse kogin. Ba a ganinsu sai an hau kansu. In ka je Wasai, inda ruwan Jakara yake zubewa bayan ya kwaso dattin birni, abokan gabar inji leda ce da tsumma. In ka gangara Haɗeja zuwa Nguru, kacala ce ta cike hanyoyin ruwan. Kowane ruwa da irin nasa sharrin, kuma babu wanda ya san shi sai masuncin da ya tashi a bakinsa. Saboda haka kafin a fitar da ko sisi, mai jari ya shiga mota ya je bakin ruwan da ƙafarsa, ya gai da Sarkin Ruwa, ya zauna da masunta. In da hali ya je da bazara, lokacin da ruwan ya yi ƙasa ya tona asirin abin da ke cikinsa. Zuwa da kai ya fi aike.

Sassaƙa jirgi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwalen da masana suka auna shekarunsa suka tarar sun kai kimanin 8,000, tsawonsa ya haura mita 8, kuma babu wanda ya girme shi cikin jiragen da aka taɓa tonowa a Afirka. Gungumen itace guda aka fafe. Yau manyan itatuwan da za a fafe sun yi wuya, don haka jirgin katako ne ya cika ruwayenmu, wanda ake jera alluna a buga da ƙusa a toshe tsakaninsu.

Ga ruwa marar zurfi, jirgi mai shimfiɗaɗɗen ciki shi ne daidai. Ba ya nutsa jikinsa sosai, ruwa kamu ɗaya ko biyu ya ishe shi yawo, ana iya jawo shi kan yashi ba wahala, kuma mai jefa birgi yana iya miƙewa tsaye a cikinsa ba tare da ya yi ta tangaɗi ba. Aibinsa yana fitowa ne in iska ta taso a tsakiyar babban ruwa, sai ya riƙa dukan igiyar ruwa da ƙirji yana ɗiba. Wanda zai riƙa ratsa tsakiyar Tiga, ya nemi wanda gabansa ya ɗaga sama, gefensa kuma yake da tsayi. Wanda sana'arsa a gefe-gefe take, cikin lungunan ruwa inda ake kafa kalli da mali, bai kamata ya biya kuɗin katakon da ba ya bukata ba.

Katakon kansa abin dubawa ne. Wanda ya je 'Yan Katako a Na'ibawa zai ga fari mai sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka, zai ga kuma mai nauyi irin su maɗaci. Farin nan mai laushi ruwa yake sha, ya ruɓe da wuri, ƙusa ta saki. Kada kuma a yarda da ɗanyen katako, domin in ya bushe a jikin jirgi sai ya tsuke, tsakanin alluna ya buɗe. Jirgin faiba ba ya ruɓewa kuma ba shi da nauyi, amma yana da tsada, in dutse ya fasa shi ba kowane kafinta ne zai iya like shi ba. Na ƙarfe kuwa, in ya cika da ruwa ƙasa yake yi kai tsaye, sai fa in an ɗaure masa jarkoki rufaffu ko an cusa soso mai yawa a ƙarƙashin wurin zama.

Akwai wuri ɗaya a jikin jirgi da nake roƙon mai saye ya tsaya a kansa, wato allon baya, inda ake maƙala inji. Kwalekwalenmu na gado tsini biyu gare shi, gaba da baya, an yi shi ne don filafili da gora. In za a sa masa inji dole a yanke bayan a kafa allo mai kauri, a ɗaure shi da jikin jirgin da noti, a tokare shi ta ciki. Allon da aka buga da ƙusa kawai, girgizar inji za ta sassauta shi a hankali, wata rana inji da allo su tafi ƙasan ruwa tare.

Sai mu zo kan injin. Tun da Ole Evinrude ya fitar da nasa a Amurka wajen 1909, fasalin bai sauya sosai ba: kai a sama, doguwar ƙafa a cikin ruwa, farfela a ƙarshenta. A ruwayenmu Yamaha Enduro ne ya fi yawa, mai doki 15, da 25, da 40, da 75, kuma a nan ne son girma yake cutar mutane. Mai sayarwa zai ce maka, “Alhaji, ka ƙara kaɗan ka ɗauki mai doki 40 mana, ka huta gaba ɗaya.” Ba ƙarya ya yi ba cewa injin yana da ƙarfi. Abin da bai faɗa ba shi ne jirgin katako mai ɗauke da kaya ture ruwa yake yi, ba ya tashi a samansa, kuma tsawonsa ne yake yanke masa iyakar gudun da zai yi cikin sauƙi. Jirgi mai tsawon mita 7, in ya kai wajen kilomita 12 a awa, duk man da ka ƙara bayan nan yawancinsa a tayar da igiyar ruwa yake tafiya. Gaba ya ɗaga, baya ya zauna, farfela ta ƙara kusantar ƙasa, a ruwan da dama ba shi da zurfi. Ɗora wa ƙaramin kwalekwale mai doki 40 tamkar ɗaura wa amalanke injin tirela ne.

A duba nauyi ma. Mai doki 15 bai kai kilo 40 ba, mutum ɗaya zai cire shi ya saɓa a kafaɗa ya kai ɗaki ya kulle, abin da ke da muhimmanci ƙwarai a bakin ruwan da ɓarayin inji suke kewayawa da dare. Mai doki 40 ya haura kilo 70, sai mutum biyu, kuma duk nauyin nan a gindin jirgi yake zaune, ga direba a kusa da shi, ga tankin mai. Sannan ga cin mai. In aka murɗe su har ƙarshe, mai doki 15 yana shan wajen lita 7 a awa, mai doki 40 kuwa kusan lita 20. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, wannan lissafi ya zama shi ne sana'ar gaba ɗaya. Mu ƙaddara lita naira 900 ce, kuma ana tafiyar awa biyu kullum, zuwa da dawowa. Ƙaramin ya ci naira 12,600, babban ya ci naira 36,000. Kifin da koma ta kama kuwa bai ƙaru da ko ɗaya ba don inji ya fi girma. Jirgin mutum biyu da komarsu da kamun yini, mai doki 8 zuwa 15 ya wadatar da shi, kuma in direba ya sassauta hannu kaɗan daga ƙarshen totur, man da zai rage ya fi ƙarfin 'yan mintocin da zai ƙara a hanya.

Har ma zan ce ba kowane masunci ne yake bukatar inji ba. A ƙaramin ruwa irin Bagauda, wanda wurin kafa komarsa bai wuce tuƙin rabin awa ba, filafili ya ishe shi, kuɗin injin gara a saya masa koma mai kyau da jirgin da ba ya yoyo. Wanda inji yake biya wa bukata sosai shi ne mai bin sansanonin masunta yana tara kifi, domin ɗanyen kifi ba ya jiran kowa a zafin Kano, kuma awa ɗaya da ya rage a kan ruwa ita ce za ta sa kayan su iso kasuwa idonsu garau.

Tsawon ƙafar inji ma ana kuskurensa da yawa. Iri biyu ne suka fi yawa, gajera mai inci 15 da doguwa mai inci 20. A auna allon baya daga samansa zuwa ƙasan jirgi, sannan a sayi wadda ta dace. Akwai wani ɗan faranti a saman farfela, shi ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgin ko ya ɗan gota kaɗan. In ƙafar ta yi tsawo, kullum tana cikin sharar ƙasa da karo da kututture. In ta yi gajarta, farfela ta riƙa shaƙar iska, inji yana ihu jirgi ba ya tafiya. A tabbata kuma injin yana da maƙalin da ake ɗaga ƙafar rabi a bar ta a karkace, don ratsa wuri marar zurfi a hankali. In ruwan ya gaza haka, a kashe inji a ɗaga shi gaba ɗaya a ɗauki gora.

Me ya sa na nace a kan wannan? Injin jirgi da ruwan da yake tafiya a kai yake sanyaya kansa. Akwai 'yan ƙofofi a ƙasan ƙafar da suke zuƙo ruwa, da wata 'yar robar famfo mai fukafukai da take tura shi sama ya zagaya inji, ya fito ta baya siriri. Yashi yana cinye wannan roba, leda da ciyawa suna toshe ƙofofin. Da zarar siririn ruwan nan ya ɗauke, mintoci kaɗan ne inji ya ƙone. Idon direba ya riƙa komawa kansa a kai a kai, kuma kada a taɓa tayar da inji a tudu ba ruwa, ko na ɗan lokaci ne, domin robar a bushe take narkewa. Mutanen Tailan sun kauce wa wannan matsala da inji mai doguwar jela, wanda farfelarsa take can nesa a bayan jirgi kusa da saman ruwa, ana ɗaga ta da hannu in an zo ciyawa. A Bangaladash kuwa injin ban ruwan gona suka ɗora wa jiragensu na katako. Ina ganin maƙeranmu da masu walda na Ƙofar Ruwa, waɗanda suke haɗa injin niƙa da na ban ruwa kullum, za su iya ƙera irin wannan don ruwan kacala, in sun sami wanda zai ba su aikin.

Yawancin injinan da ke hannun masunta irin waɗanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai ne. Suna da sauƙin gyara da sauƙin nauyi, sai dai sun fi shan mai. Ma'aunin da aka saba shi ne kashi 50 na fetur, kashi 1 na baƙin mai, wato rabin lita a tankin lita 25, kuma sabon inji ana ninka masa baƙin man a awannin farko. A nemi baƙin man da aka yi don injin ruwa, a riƙa tace fetur kafin a zuba, musamman na bumburutu. Ɗaya irin, wanda baƙin mansa yake zaune daban kamar na mota, ya fi tsimin mai kuma ba ya hayaƙi, amma ya fi nauyi da tsada, kuma ba ya haƙuri da gurɓataccen fetur. Abin da zai raba gardama tsakaninsu shi ne makanike. A tambaya a bakin ruwan: wane inji ne mai gyaran nan ya iya, kuma kayan wanne ake samu ba sai an aika Legas ko Yawuri ba? Injin da zai kwana wata guda yana jiran 'yar roba, komai kyansa, asara ce.

Da yake sabo ya yi tsada, da yawa na hannu za su saya. A nan sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka je da makanikenka, ba na mai kaya ba. Ka fara ɗora tafin hannu a kan injin, in ka ji ɗumi to an riga an tayar da shi kafin ka iso, ka ce sai ya huce, domin tashin sanyi shi ne shaida. A maƙala shi a bakin duro cike da ruwa, a ja igiya. Lafiyayye ba ya wuce ja biyu ko uku, kuma hannunka zai ji igiyar tana turjewa. Ka sunkuya ka ga siririn ruwan nan yana fita da ƙarfi, ka tara yatsa ka ji ɗumi ne ko tafasa. A sa giyar gaba, a sa ta baya, ka kasa kunne. Bayan an kashe, makanike ya kwance ɗan notin da ke can ƙasan ƙafa ya ɗiga man giya a yatsa. In ya fito garau ko ya ɗan yi duhu, babu laifi. In ya fito fari-fari, ruwa ya shiga, kuma sau da yawa zaren koma ne ya naɗe a bayan farfela ya yanke robar da ke tare man. A cire farfelar a duba. Injin da aka kawo daga Legas ko Fatakwal ko Warri, mai yiwuwa ya sha ruwan gishiri, don haka a duba ko notinansa sun ci tsatsa sun kafe, da farin gari-gari a jikin ƙarfen. Sabon fenti da sabuwar sitika ba shaida ba ne, akwai na kwaikwayo da ake yi wa ado da sunan babban kamfani. A duba lambar da aka buga a jikin maƙalin, a karɓi rasit mai ɗauke da ita, don kada a wayi gari an sayi kayan sata. In mai kaya ya yarda, gwajin ƙarshe a kan ruwa za a yi shi, da mutane da kaya a cikin jirgin.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan nauyi a zuciyata. Jirgin da ya sami inji, ranar kasuwa ko ranar biki mutane za su taru a kansa su ce a tsallaka da su, direba kuma ya ga kuɗin mai. Ranar Talata 30 ga Nuwamba 2021, jirgi ya taso daga Badau zai tsallaka ruwan Watari zuwa Bagwai, cike da ɗaliban Islamiyya masu tafiya Mauludi, ya kife. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara ƙanana. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Lodin da ya wuce kima shi aka fi ambata a matsayin sanadi. A watan Mayun shekarar ma an yi irin wannan rashi a Warra ta jihar Kebbi. Jirgin kamun kifi ba jirgin fito ba ne. Mai jari ya faɗa wa wanda ya damƙa wa jirgi wannan da bakinsa, tun ranar farko, a gaban shaidu. A loda jirgin daidai abin da zai iya, a ja layi da fenti a jikinsa inda ruwa ya tsaya, a bar aƙalla kamu guda tsakanin ruwa da bakin jirgi, in ruwa ya rufe layin a sauke kaya. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana jigilar dare, ta kuma wajabta rigar kariya, kuma kuɗin riguna biyu ko uku bai kai na man mako guda ba. Iya iyo ba ya hana mutum gajiya a tsakiyar Tiga, balle in koma ta naɗe masa ƙafa. Filafili biyu, da gora, da abin kwarfe ruwa, da fulogi na ajiya, kada jirgi ya bar gaɓa ba su. Igiyar kashe inji a ɗaura ta a hannun direba, shi kansa injin a ɗaure shi da igiya a jikin jirgi. In hadari ya haɗo daga gabas a farkon damina, a nemi gaɓa mafi kusa, a bar komar sai gobe.

Sauran abu ɗaya, yarjejeniya. Zumunci da yawa ya lalace a kan inji saboda ba a yi magana tun farko ba. A zauna a rubuta: kuɗin mai daga kan kamun yini za a fara cire shi kafin a raba, ko kuwa wani ne zai ɗauka? Wa zai sayi robar famfo da man giya in lokacin sauya su ya yi? In farfela ta karye a kan dutse, asarar ta wa ce? A ina inji zai riƙa kwana? Watannin da kifi ya yi ƙaranci, masunci zai kawo abin da ya samu ne ko an yanka masa adadi? Ni dai ina ba da shawarar rabo bisa abin da aka kama, domin yankakken balas shi ne yake tura direba ɗaukar fasinja da fita cikin iska. A ware wani kaso kowane mako a ajiye don gyara, Sarkin Ruwa da wani dattijo su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.